Tsufa ɗaya, basira daban-daban: me ke raba dattawa masu lafiya?

Abu Hafsat:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga malamai da ma'aikatan lafiya da ke cikinmu, kuma ina roƙon a ajiye maganar gigin tsufa a gefe, domin ba kan marasa lafiya nake tambaya ba. Ina nufin dattawan da ke zuwa masallaci da ƙafafunsu, suna gane kowa, suna tafiyar da gidajensu, kuma babu likitan da ya ce suna da cutar ƙwaƙwalwa. Duk da haka idan ka zauna da su sai ka ga tazara mai yawa a tsakaninsu. Wani ya haura 80 amma zai yi maka lissafin rabon gado da ka, ya faɗi wanda ya sayar da gonar da ake rikici a kanta da shaidun da suka halarci cinikin. Sa'ansa kuwa, wanda suka yi makarantar allo tare, sai ya maimaita maka labari ɗaya a zama ɗaya, idan kuma aka canza masa waya sai ya haƙura da kiran mutane. Shin gado ne ke kawo wannan bambanci, ko ilimi, ko irin rayuwar da mutum ya yi?

Malam Garba:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Abu Hafsat, tambayarka tana da tushe a addini tun kafin a je ga likitoci. A cikin Suratun Nahli da Suratul Hajji Allah ya ambaci cewa daga cikin mutane akwai wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani, wato ba kowane tsoho ne ake jarraba da haka ba, kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kasance yana neman tsari daga wannan hali. An kuma rawaito daga magabata cewa mai karatun Alƙur'ani ba a mayar da shi zuwa gare shi. Abin da idanunmu suka gani ya yi daidai da wannan. Ku duba alarammomi da suka tsufa a tsangaya, ido ya tafi, ƙafa ta yi rauni, amma yaro ya kuskure wasali ɗaya daga can ƙarshen zaure za su tsayar da shi. Ni a ganina ƙwaƙwalwar da ake yi wa tilawa kullum ba ta tsufa irin wadda aka bari a banza.

Dakta Binta:
Allah ya gafarta Malam, zan dawo kan maganar alarammomi, amma akwai abubuwa biyu da ya kamata a fara rarrabewa. Na farko, basira ba abu ɗaya ba ce. Akwai ilimin da mutum ya tara, kamar yawan kalmomin da ya sani, da tarihi, da hukunce-hukunce, da sanin sana'arsa, wannan yakan daɗe, a wajen mutane da yawa ma yakan ci gaba da ƙaruwa har bayan shekara 60. Akwai kuma saurin tunani, da riƙe sabon abu, da warware matsalar da mutum bai taɓa haɗuwa da irinta ba, waɗannan su ne ke fara ja da baya. Saboda haka dattijon da ya kasa sabuwar waya amma yake raba gardamar iyakar gona bai saɓa wa kansa ba.

Na biyu, kuma shi ne ya fi muhimmanci, akwai bambanci tsakanin matsayin da mutum yake kai da saurin da yake sauka daga wannan matsayi. Idan muka ga tsofaffi biyu, ɗaya ya fi ɗaya kaifi, nan take mukan ce ɗayan ne ya lalace, alhali mai yiwuwa tun suna yara haka tazarar take.

An samu damar gwada wannan a Sikotland ta wata hanya da ba kasafai ake samu ba. Ranar 1 ga Yuni 1932 aka yi wa kusan dukan 'yan makarantar ƙasar da aka haifa a 1921 jarrabawar basira iri ɗaya, yara 87,498. Aka sake yin haka a 1947 ga yara 70,805 da aka haifa a 1936. Takardun suka yi shekaru a ajiye, har ƙarshen shekarun 1990 lokacin da Ian Deary na Jami'ar Edinbara da Lawrence Whalley na Jami'ar Abadin suka gano su, suka nemo waɗanda ke raye suka sake ba su jarrabawar nan da suka yi suna 'yan shekara 11. Sakamakon ya nuna cewa kusan rabin bambancin da ke tsakanin waɗannan tsofaffi ya riga ya bayyana tun suna yara. Yaron da ya yi fice a 1932, galibi shi ne dattijon da ya yi fice yana dab da 80.

Musa Damagaram:
Dakta, ranki ya daɗe, idan haka ne ai magana ta ƙare tun mutum bai balaga ba. Wanda ya taso ba shi da kaifi sai ya zauna ya jira tsufa ya ƙarasa shi ke nan? Kuma ina da ja a kan ɗaukar yaran Turai na 1932 a auna mutanenmu da su. Yaron da ya sha zazzaɓin cizon sauro, ya sha yunwar bazara, bai shiga aji ba sai da ya girma, ba za a ce abin da ya samu yana ɗan shekara 11 shi ne iyakar abin da Allah ya ba shi ba.

Dakta Binta:
Malam Musa, jan da ka yi na biyu yana kan hanya, kuma bai rushe binciken ba, domin makin ɗan shekara 11 ba gado tsantsa ba ne. Abincin da yaro ya ci, da cututtukan da ya sha, da karatun da ya samu duk suna cikinsa. Wannan ma shi ne dalilin da ya sa nake ganin kula da ƙwaƙwalwar tsoho tana farawa daga awon ciki da abincin yaye.

Amma batun cewa magana ta ƙare, a'a. An ce rabi ne, saura rabi kuma wani abu ne ya faru a cikin shekaru kusan 70 da ke tsakani. A cikin mutanen Sikotland ɗin akwai waɗanda suka yi sama da abin da aka zata daga makinsu na yarinta, akwai waɗanda suka yi ƙasa. An ga cewa masu shan taba sun fi yin ƙasa, masu ƙarfin jiki kuma, wato waɗanda huhunsu ke aiki da kyau, damƙar hannunsu ke da ƙarfi, suke tafiya da sauri, sun fi riƙe matsayinsu. Akwai kuma wani nau'i na ƙwayar gado da ake kira APOE e4, wanda bai raba yaran ba suna 'yan shekara 11, amma ya raba su a kusan 80, masu ɗauke da shi suka fi raguwa. To ga gado nan da ba ya nuna kansa sai a tsufa. Sai dai kowane ɗaya daga cikin waɗannan dalilai tasirinsa ƙarami ne, ba a samu wani guda da ya ɗauke bayanin duka ba.

Binciken Siyatil na Amurka, wanda K. Warner Schaie ya fara a 1956 yana sake gwada mutane duk bayan shekara 7, ya ƙara haske a kan lokacin raguwar. A matsakaici ba a ga raguwa tabbatacciya a yawancin ɓangarorin basira kafin shekara 60 ba. Mafi ban sha'awa shi ne abin da ya gani da ya dubi mutum ɗaya-ɗaya: kusan kowa ya ragu a wani ɓangare, amma da wuya a samu wanda ya ragu a dukan ɓangarorin, kuma ko a shekara 81 waɗanda suka nuna raguwa tabbatacciya a kowane ɓangare cikin shekaru 7 da suka gabata ba su kai rabi ba.

Malam Garba:
Dakta, na ji bayaninki kuma na amfana, amma ban ga inda ya kore abin da na faɗa ba. Kin ce akwai rabi da rayuwa ke tsarawa. To me zai hana tilawar izu biyu ko uku kullum, tsawon shekara 60, ta zama cikin wannan rabi?

Malama Zainab:
Allah ya gafarta Malam, bari in sa baki, domin koyar da ƙididdiga ne aikina kuma nan ne ake yawan zamewa. Babu wanda ya ce tilawa ba ta da amfani, kuma falalarta a addini ba abin da ake aunawa da jarrabawa ba ce. Tambayar ita ce ko abin da muke gani a tsangaya ya isa hujja a kan saurin raguwar basira, kuma akwai abubuwa uku da ke hana shi isa.

Yaran da suka shiga tsangaya suna da yawa, waɗanda suka kai ga sauka sun ragu, waɗanda suka haddace har suka rubuta da ka kuwa 'yan kaɗan ne. Ke nan tun farko an tace masu ƙarfin riƙo, sai muka haɗu da su a tsufa muka ce hadda ce ta ba su abin da wataƙila shi ne ya ba su haddar. Sannan alaramman da ya fara rikicewa ba ya ci gaba da zama a zaure yana biya wa ɗalibai, iyalinsa sukan shigar da shi cikin gida su rufa masa asiri, don haka waɗanda muke gani su ne waɗanda suka tsira. Daga ƙarshe, abin da mutum ya maimaita dubban lokuta yana cikin ilimin da Dakta ta ce yakan daɗe. Gyara wasali ga yaro bai gaya mana ko alaramman yana tuna wanda ya kawo masa gaisuwa jiya ba.

Haka maganar take a ilimin boko. Binciken da aka bi mutane shekara da shekaru ya nuna cewa masu dogon karatu sun fi samun maki a tsufa, amma saurin raguwarsu bai bambanta sosai da na waɗanda ba su yi nisa ba. Kamar rumbu biyu ne, ɗaya cike, ɗaya rabi, ana ɗiban mudu guda daga kowanne kullum: ɗiban ɗaya ne, amma mai rabi zai riga ganin ƙasan rumbunsa. Wannan ba ƙaramar riba ba ce, domin tana iya zama tazarar shekaru da mutum zai yi yana cin gashin kansa.

Abu Hafsat:
Malama Zainab, na taɓa jin labarin wasu mata masu hidimar coci a Amurka da aka buɗe ƙwaƙwalwarsu bayan sun rasu aka ga cuta, alhali suna raye lafiyarsu ƙalau. Wannan bai goyi bayan Malam Garba ba?

Malama Zainab:
Labarin gaskiya ne, kuma kowane ɓangare zai iya jan sa. David Snowdon ne ya fara binciken a 1986, daga baya ya haɗa mata 678 masu shekara 75 zuwa sama, waɗanda suka yarda a riƙa gwada su kuma a duba ƙwaƙwalwarsu bayan mutuwa. An samu wadda ta rasu tana da shekara 101, ƙwaƙwalwarta cike da alamomin cutar Alzheimer, wato cutar da ta fi kawo gigin tsufa, amma har kusan ƙarshen rayuwarta tana cin jarrabawar da kyau. Irin wannan ne ya ƙarfafa ra'ayin da Yaakov Stern na Jami'ar Kolumbiya da ke Amurka ya shahara da shi, cewa wasu mutane suna da ajiyar basira da ke sa su jure lahani a ƙwaƙwalwa ba tare da ya bayyana a ayyukansu ba, kuma karatu da aiki mai sa tunani suna cikin abin da ake dangantawa da wannan ajiya. A nan Malam yana da abin riƙewa.

Amma a binciken nan dai aka nemo gajeren tarihin rayuwa da matan suka rubuta da hannunsu suna da kimanin shekara 22, sai aka ga cewa waɗanda rubutunsu ya fi cika da ma'ana tun a lokacin su ne suka fi tsira da basirarsu bayan fiye da shekara 50. Matan nan kuwa abincinsu kusan ɗaya ne, ba sa shan taba, ba su yi aure ba, ibadarsu da tsarin yininsu iri ɗaya ne. Rayuwa ta zama ɗaya amma ƙarshen ya bambanta, kuma bambancin ya bi sawun abin da suka shigo da shi.

Hajiya Rakiya:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina so in jawo hankalinku ga abin da muke gani a ɗakin awo. Yawancin waɗanda ake kira masu lafiya a wajenmu ba a taɓa auna su ba ne kawai. Dattijo zai yi shekara 20 da hawan jini bai sani ba, domin ba ya ciwo, alhali yana lalata ƙananan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa a hankali, kuma saurin tunani ne ke fara biyan kuɗin. A wani babban gwaji a Amurka mai mutane fiye da 9,000, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2019, waɗanda aka yi ƙoƙarin sauko da awon jininsu na sama ƙasa da 120 sun samu ragin kashi 19 cikin 100 na haɗarin fara raunin basira idan aka gwada su da waɗanda aka tsaya a ƙasa da 140. Ba ina cewa kowa ya ƙara wa tsohonsa magani ba, wannan aikin likita ne, tsoho yana iya jiri ya faɗi.

Sai ji da gani. An taɓa kawo mana wata dattijuwa, 'ya'yanta suna cewa ta fara ruɗewa domin ana tambayarta abu tana amsa wani, ta kuma daina fitowa tsakar gida hira. Da na zauna dab da ita ta ɓangaren kunnen dama, na rage sauri, sai ta lissafa mini magungunanta da lokacin shan kowanne, har ta gyara wa 'yarta ranar da aka fara ba ta na suga. Ɗaya kunnen a toshe yake da datti, ɗayan kuma jinsa ya yi rauni. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet a rahotonsa na 2024 ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, waɗanda ya ƙiyasta suna da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na gigin tsufa a duniya, kuma raunin ji, da raunin gani da ba a yi magani ba, da hawan jini, da ciwon suga, da kaɗaici duk suna ciki. Aikin yanar ido kuwa ana yin sa a asibitocinmu.

Musa Damagaram:
Hajiya, Allah ya saka da alheri. Duk misalan da aka kawo na Turai da Amurka ne. An yi irin wannan a yankinmu?

Dakta Binta:
An yi wanda ya shahara a duniya, a Ibadan. Daga 1992 masana na Jami'ar Ibadan, cikinsu da Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi, tare da Hugh Hendrie na Jami'ar Indiyana, suka bi Yarabawa masu shekara 65 zuwa sama da baƙaƙen fatar Amurka na birnin Indiyanafolis da ma'auni iri ɗaya. A rahoton 2001, waɗanda ke kamuwa da gigin tsufa a shekara sun kai kashi 1.35 cikin 100 a Ibadan, a can kuwa 3.24. Mutanen Ibadan ɗin yawancinsu ba su yi boko ba, amma hawan jini da ciwon suga da kitsen jini sun fi ƙaranci a cikinsu, kuma ƙwayar gadon nan ta APOE e4 ba ta nuna ƙarfi a wajensu kamar yadda ta nuna a Amurka ba. Wannan ya taɓo cutar da Abu Hafsat ya ce a ajiye, na kawo shi ne don ya nuna cewa gado ɗaya yana iya yin aiki daban a muhalli daban. Wani abin lura, da yake tsofaffi da yawa ba su da takardar haihuwa, sai da aka riƙa ƙiyasta shekarunsu da manyan abubuwan tarihi da suka tuna. Mu ma idan muka ce dattawa biyu sa'o'i ne, wani lokaci akwai shekara 5 ko fiye a tsakaninsu, kuma bayan 75 wannan tazara ba ƙarama ba ce.

Abu Hafsat:
To wasannin motsa ƙwaƙwalwa da ake tallatawa a waya fa, suna da amfani?

Dakta Binta:
Suna koya wa mutum abin da ya yi atisaye a kai. A wani gwaji da aka fara a Amurka a 1998 da mutane 2,832 masu shekara 65 zuwa sama, an horar da wasu kan riƙe abu, wasu kan warware matsala, wasu kan sauri, kowane rukuni ya inganta a abin da aka koya masa, amma ribar ba ta tsallaka sosai zuwa sauran ɓangarorin ba. Gwajin Finlan da Miia Kivipelto ta jagoranta, mai mutane 1,260 'yan shekara 60 zuwa 77, ya haɗa gyaran abinci da motsa jiki da horon tunani da kula da hawan jini tsawon shekara 2, an ga riba a 2015, amma matsakaiciya ce.

Malam Garba:
Ina da ja guda da ya rage, kuma wannan karon a kan ma'aunin ne. Na raka wani dattijo asibiti, aka ce ya faɗi kwanan wata na Turawa, ya cire 7 daga 100 yana saukowa, ya kwaikwayi wani zane da fensir. Mutumin nan da watan Musulunci yake lissafi, da alƙalamin kara yake rubutu, bai taɓa zana irin wannan siffa ba tunda aka haife shi. Idan da wannan za a auna mu, ai za a ce rabin malaman garinmu sun ruɗe.

Dakta Binta:
A nan ina bayanka ɗari bisa ɗari, Malam. Gwajin da ka kwatanta mai maki 30 ne da aka wallafa a Amurka a 1975, kuma an daɗe da sanin cewa yana tauye wanda bai yi boko ba. Masu binciken Ibadan ma wani ma'auni suka yi amfani da shi, wanda ba ya dogara da iya karatu, kuma yake haɗawa da tambayar wani na kusa da tsohon ko ya ga canji a harkokinsa. Wannan tambaya ta biyu ita ce mai nauyi, domin tana gwada mutum da kansa na jiya, ba da maƙwabcinsa ba. Ɗan kasuwar da ya saba riƙe bashin mutum 30 da ka, yanzu yana rikita na 5, ya ragu ko da ya fi kowa maki a asibiti. Wanda kuwa tun yana saurayi yake manta inda ya ajiye hularsa, mantawar da ya yi yau ba labari ba ce.

Malam Garba:
To ai da wannan ma'auni nake son a gwada maganata. A ɗauki gardawa masu hadda da 'yan'uwansu da ba su yi ba, tun suna 'yan shekara 50, a riƙa gwada su da Hausa, a kan abin da suka sani, har su tsufa. Kafin a yi haka ban janye ba.

Malama Zainab:
Sharaɗin ya yi, Allah ya gafarta Malam, amma sai an ƙara biyu. A bi har waɗanda aka shigar cikin gida, kada a tsaya ga masu fitowa zaure, kuma a sa mata a ciki, domin iyayenmu mata da yawa ba su yi hadda ba, ba su yi boko ba, amma a cikinsu akwai masu riƙe lissafin adashe da nasabar dangi har su haura 90, kuma su ma sai an yi bayaninsu.

Hajiya Rakiya:
Kafin a tashi, akwai abu ɗaya da bai shiga cikin bambancin da kuke muhawara a kai ba. Raguwar tsufa a hankali take zuwa, cikin shekaru. Idan dattijo ya kwana lafiya ya wayi gari a rikice, bai san inda yake ba, ko yana ta barci ba a gane maganarsa, kada a ce tsufa ne. Sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko suga ya faɗi, ko wani sabon magani, ko farkon shanyewar ɓarin jiki. A kai shi asibiti a ranar, a tafi da duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya.